Waƙar da Muka Ɗauka a Bayan Iyakar Harami

A Jidda aka karɓe fasfona, a Kudai aka miƙa mini bokiti. Tsakanin nan da can babu wanda ya yi mini ƙarya, domin ƙaryar tun a gida aka gama yin ta.

Dillalin da ya shirya mini tafiyar cewa ya yi wani kamfanin motocin alhazai a Makka yana neman mai sanarwa da Hausa. Na shafe shekaru ina karanta labarai a gidan rediyon jiharmu, inda albashi ke zuwa in ya ga dama, saboda haka na ga kamar da ni aka auna aikin. Na ɗinka kaftani masu kyau. Na jefa 'yar rakodata a jaka, wadda nake ɗaukar muryar manoma da ita a ƙauyuka. Ban san amfanin da za ta yi mini ba, hannuna ne dai ya ƙi barin ta.

Washegarin saukata aka kai ni garejin kamfanin a Kudai, unguwar da motocin alhazai ke kwana suke tashi. Mudir, wato shugaban garejin, wani Bamisire ne mai gajeren haƙuri. Ya dubi kaftanina, ya nuna mini layin motoci da tiyo. Na tattaro Larabcin da na koya a Islamiyya na yi masa bayani cewa ni mai sanarwa ne. Ya saurare ni har na dire, wannan kam na yaba masa. Sannan ya ce, "Kwayyis, ya yi kyau. Je ka sanar da su cewa yau za a yi musu wanka."

Masaukinmu a Ka'akiyya yake, can gefen gari inda haya ke da sauƙi. Ɗaki ɗaya ne da gadaje hawa-hawa. Gadon da ke ƙasa da nawa na Malam Garba ne, bakaniken garejin, mutumin Maraɗi da furfura ta cim masa a Makka.

"Kai ne mai labarai?" in ji shi, ranar da na fara shiga.

"Ni ne, Malam."

"To ga labari na hwarko. Wanda ya riga tashi, shi ka samun ruwa banɗaki."

Wankin mota bai dame ni yadda na zata ba. Aiki ne mai farko da ƙarshe, kuma idan na ɗaga kai ina hango hasumiyar agogo da ƙugiyoyin gini da suka kewaye Harami, in tuna inda nake. Bakina ne ya rasa abin yi. Idan lokacin labaran yamma ya yi a gida, sai in ji maƙogwarona ya shirya da kansa. Wata rana Malam Garba ya same ni a cikin mota ina share ƙasan kujeru, ina yi musu bayanin farashin gero da muryar aiki. Ranar Juma'a sai ya ja ni zuwa unguwar Shisha, gidan wata dattijuwa da kakanninta suka zo ta Sudan a ƙafa. Ta sa mana tuwo da miyar kuka. Jikokinta na gaishe mu da Larabci, ita kuwa Hausarta irin ta tsofaffin da na daina jin irinsu tun ina yaro. Ta ce in yi ta magana kawai, tana son ji. Na ci, na yi magana, na ƙoshi da duka biyun.

A garejin na san Pak Darma, kuma muryarsa na fara sani kafin shi. Direba ne daga Indonesiya, ɗan ƙaramin mutum mai shekaru kamar sittin, kullum cikin riga mai dogon hannu komai zafi. Pak a harshensu kamar a ce Baba ne. Wata safiya wani tsohon alhaji ya bi ta bayan motar da ke ja da baya. Sai wata ƙara ta tashi daga bakin Pak Darma, ƙarar da ban taɓa jin irinta daga jikin ɗan Adam ba. Ba ihu ba ne. Ihu daga wuya yake fita, wannan kuwa daga ƙasan ciki ta taso, mai kauri, mai tsakuwa, kuma ta tsaya a kan amo ɗaya ba ta girgiza ba. Direban waccan motar ya taka birki. Tattabarun garejin suka watse. Ni kuwa na tsaya da tiyo a hannu ina cewa a raina, wannan mutumin an horar da numfashinsa.

Shi ne ya raba ni da bokiti. Lokacin aikin Hajji aka cika masa mota da alhazan Najeriya, suna ta gardama kan inda za a sauke su da inda za a dawo a ɗauke su, shi ba Hausa, su ba Larabci. Ya leƙo ta taga ya yafito ni, ya kira ni sadik, wato aboki.

"Ya sadik, mutanenka ne. Zo ka kashe wutar nan."

Ya miƙo mini makirfon ɗin motar. Na goge hannuna a wando, na yi sallama, na faɗi sunan tasha, da ƙofar da za su bi, da alamar da za su nema idan sun fito. Motar ta yi tsit. Wata hajiya a baya ta ce, "Ikon Allah, wannan ai kamar rediyo." Da yamma Pak Darma ya je wajen mudir ya ce ba zai ƙara ɗaukar 'yan Afirka ba sai da ni. Mudir ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, ya amince. Tun daga ranar na koma ɗan rakiya, ina zaune a kujerar gefen direba.

Da Larabcin ma'aikata muke hira, wanda ba shi da nahawu sai niyya. Wata rana muna jiran alhazai su fito daga tawafi, ya ciro wayarsa ya nuna mini wani tsohon bidiyo, ya kashe sautin. Wani saurayi ne a kan dandamali, gashi har kugu, hannuwa duk zane, yana lanƙwasa jiki kamar ana ƙona shi, dubban matasa na tsalle a gabansa.

"Ka san wannan majanunin?"

"A'a."

Ya ɗan janye hannun rigarsa. Zanen na nan, ya koɗe.

Ya ce sunan kiɗan heavy metal. Daga baya na saurare shi da abin kunne: ganguna kamar injin niƙa, gita kamar ana yanka kwano da zarto, murya kuma a samansu kamar aradu. Ba zan ce ya yi mini daɗi ba. Amma na gane aiki ne, kuma mai wuya. Ya yi shekara da shekaru yana wannan waƙar a ƙasarsu, tun zamanin kaset. Da matarsa ta rasu ya zo Umra, ya ga ana neman direbobi, ya dawo ya zauna.

"Tuba ka yi kenan," na ce.

"Ban tuba daga waƙa ba, ya sadik. Gajiya na yi. Amma ranar da na fara ganin Ka'aba na yi alkawari ba zan yi waƙa a cikin Harami ba. Ko a banɗaki ban yi."

A shekarata ta uku muryarsa ta fara dishewa. Da farko ya ce sanyin na'urar mota ne. Da aka duba shi a asibiti aka ga ƙari a maƙogwaronsa. Likita ya ce sai an yi aiki, kuma aikin zai tafi da muryar gaba ɗaya. 'Yarsa, Nur, ta shirya masa asibiti a gida. Sai dai lokacin Umrar Ramadan ya gabato, kamfani kuma ba ya sakin fasfon direba a irin wannan lokaci. Aka ce ya jira bayan Salla.

A ranar da ya gaya mini wannan ne ya gaya mini ɗayan zancen. Tsofaffin abokan kiɗansa a Bandung, can ƙasarsu, suna haɗa duk waƙoƙinsa, daga kaset na farko da suka ɗauka a garejin wani har zuwa faifansu na ƙarshe, za a fitar da su a akwati ɗaya da hotuna da tarihinsa. Sun bar gurbi guda a ƙarshe. Akwai waƙar da ya rubuta wa matarsa bai taɓa rerawa ba. Sun riga sun ɗauki kiɗan sun aiko masa a waya. Muryarsa kaɗai ta rage.

"In na jira bayan Salla, babu abin da zan kai musu," ya ce. "Kullum da safe ina ji an ɗebe wani abu. Ka ce kana da rakoda."

Na ce ina da ita. Na ce kuma ɗakin ɗaukar murya ba shi da wuyar samu, domin muna zaune a cikinsa. Mota mai kujerun soso da labule masu kauri tana shanye amsa-kuwwa fiye da ɗakunan da na yi aiki a cikinsu. Matsalar biyu ce. Dole a fita iyakar Harami saboda alkawarinsa, kuma mota ba ta barin gareji babu fasinja sai bakanike ya ce zai gwada ta bayan gyara.

Na samu Malam Garba a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kaɗai ke waje. Na tsuguna na yi masa bayani. Ya turo kansa waje a hankali.

"Mi kac ce? Waƙa? Makka?"

"A bayan iyaka, Malam."

"Kai mai labarai, ina ganin ka da hankali. Mutane na sai da gona su zo wanga gari su yi kuka, ku kuna neman wurin kiɗi."

"Ba kiɗa za a ji ba. Kiɗan na kunnensa. Murya ce kawai, kuma ita ce ta ƙarshe."

"Ta ƙarshe kamar ƙaƙa?"

Na gaya masa zancen likita. Ya daɗe yana goge sifana da tsumma, sifanar da ba ta da datti.

"Shi ne dai wanda yay yi ma tsohon nan tsawa bayan mota?"

"Shi ne."

"Hm." Ya koma ƙarƙashin motar. Daga can na ji ya ce, "Waccan mai lamba ja, birkinta bai yi min ba. Gobe bayan La'asar sai an gwada ta bisa hanya. Ni kau ban ji komi ba, ban kuma son in ji."

Mun zaɓi bayan La'asar ne da dalili. A Makka babu shiru mai tsawo. Masallatai a kowace kusurwa suke, kuma Pak Darma ya ce ko da wasa ba ya son kiran salla ya shiga faifan irin wannan kiɗa. Daga La'asar zuwa Magariba ne kawai muke da fili, kuma rana ta ɗan sassauta.

Muka bi hanyar Lis, ta kudu, muka wuce Ka'akiyya, gidaje suka yi ta raguwa har suka ƙare. Muka wuce alamar iyakar Harami. Pak Darma bai tsaya nan da nan ba, sai da ya ƙara tafiya mai ɗan nisa, kamar mai gudun kada muryar ta koma ciki. Ya saki kwalta ya faka a gindin wani baƙin dutse. Malam Garba ya ɗauki dardumarsa da carbinsa ya sauka.

"In kun gama haukanku ku yi min oda."

Na rufe tagogi, na ja labule, na ce a kashe inji. Pak Darma ya dube ni. Kashe inji na nufin kashe na'urar sanyi. Na ce babu yadda za a yi, gurnanin inji zai shiga. Kafin in gama ɗaure rakoda a jikin kujera da igiyar takalmi, gumi ya fara ɗiga daga haɓata.

A nan na yi abin da na saba yi duk rayuwata ta aiki. Kafin ka ɗauki murya, sai ka sa mai magana ya faɗi wani abu, ka daidaita ƙarfin ɗaukar na'ura da muryarsa. Na ce ya faɗi sunansa da abin da ya ci da safe. Ya faɗa da wannan disasshiyar muryar da ta rage masa, da kyar alamar na'urar ke motsi. Na ƙara ƙarfi. Na sake ƙarawa, har ta hau inda nake so. Haka ake yi wa gwamna, haka ake yi wa manomi. Na ɗaga masa yatsa.

Ya sa abin kunne, ya cire takalmi, ya buɗe ƙafafu tsakanin kujeru. Ya rufe ido. Kansa ya fara kaɗawa da kiɗan da ni ba na ji. Sai ya ja numfashi har rigarsa ta ɗaga.

Abin da ya fito ba shi da dangantaka da mutumin da ya gaya mini ya sha shayi da burodi. Gilasan motar suka ɗauki rawa. Na dubi rakoda, jar fitila ta kama ta tsaya cak. Ma'anarta ƙarar ta fi ƙarfin abin da na saita, tana fashewa a cikin na'ura. Na san haka a take. Na kai hannu zan rage, na ga idan na taɓa za a ji motsin yatsana, kuma sautin zai faɗi a tsakiyar baiti. Na so in tsayar da shi. Na dubi fuskarsa, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, hawaye da gumi sun haɗu, na kasa. Ban san ko kalma ɗaya a harshensu ba, amma akwai suna ɗaya da yake ta dawowa, kuma na san na wace ce.

Da ya gama ya zube a kujera. Na sa abin kunnena na saurara. Duk inda ya ɗaga murya sai ta tsage, tana ƙara kamar ana yaga buhu. Da a gidan rediyo na kai wannan, da shugaban sashe ya jefe ni da shi.

"Pak, laifina ne. Na saita da muryar maganarka. Mu sake."

Ya sha ruwa, ya tashi, ya sake tsayawa. Wannan karon na rage ƙarfin yadda ya kamata. Ya ja numfashi, ya buɗe baki. Iska ce ta fito, da wani ɗan sauti kamar na ƙofa. Ya sake gwadawa. Ya yi tari mai tsawo a cikin hankici, ya ninke shi da sauri ya sa a aljihu. Ya girgiza kai.

"Khalas," ya ce, da raɗa. Wato shi ke nan.

Na buɗe ƙofa. Malam Garba na tsaye a bakinta, ba a gindin dutse ba.

"Wanga ba waƙa ba ce," in ji shi. "Kuka ne. Da kun ce min kuka za a yi, da ban yi gardama ba." Ya karɓi makulli daga hannun Pak Darma. "Zamna baya, tsoho. Ni ka tuƙi."

A hanyar dawowa na ce wa Pak Darma kada ya aika. Na ce a bari ya huta kwana biyu, wataƙila ta dawo. Ya miƙo hannu kawai, na ba shi katin rakodar. Muna shiga gari ana kiran Magariba.

Muryar ba ta dawo ba. Ya ƙarasa Ramadan yana tuƙi da nuni, ni ina yi masa magana da fasinja da 'yan sanda da mudir. Bai sake ta da zancen ba, ni ma ban tambaya ba, amma abin na zaune a ƙirjina. Mutum ya ba ka ajiyar abu ɗaya da ya rage masa, ka fasa. Bayan Salla aka ba shi fasfonsa. Muka raka shi tashar motar Jidda. Ya rungume Malam Garba, ya rungume ni, ya bar mini filas ɗin shayinsa.

Watanni suka wuce. Wani direba ya hau kujerarsa, ɗan Pakistan mai kirki da ba ya son magana. Ni dai ina nan da makirfon ɗina, alhazai na zuwa suna tafiya, wasu har suna tambayar mudir ina mai muryar rediyo. Matata ta zo Umra a shekarar, na raka ta tawafi ina yi mata bayani kamar baƙuwar gwamnati, tana ta dariya.

Wata Juma'a da hantsi wayata ta yi ƙara, kira mai hoto daga Indonesiya. Nur ce, ta yi karatun Larabci, nata ya fi nawa tsabta. Ta gaishe ni, ta juya wayar. Pak Darma na zaune a baranda, ya rame, da farin ƙyalle a wuyansa, bayansa ganye kore shar. Ya ɗaga mini hannu. A cinyarsa akwai baƙin akwati, samfurin farko da aka buga. Nur ta ce wata mai zuwa zai fita kasuwa. Ya buɗe shi yana nuna mini fayafayan ɗaya bayan ɗaya, a kowanne hotonsa na ƙara tsufa. Ya ciro na ƙarshe.

Na ce, "Nur, ki ba shi haƙuri. Na ɓata ɗaukar nan."

Ta fassara masa. Kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗan tsorata kafin na gane dariya yake yi, dariya marar sauti. Ya rubuta wani abu a wayarsa ya nuna mata. Ta karanta, ta kira ni ammu, wato baffa.

"Ammu, ya ce in gaya maka mai gitarsu ya saurara ya tambaya wane ɗakin ɗauka ne a Saudiyya ke da irin wannan na'ura. Su da gangan suke tsaga murya, kuma ba su taɓa samun tsagewa mai kyau kamar wannan ba. Ba su gyara komai ba. Kiɗa kawai suka ɗora."

Malam Garba, da ke yanke farce a gadonsa, ya ce, "Ka ji mutanen banza. Abu ya lalace su ce ya yi."

Nur ta sa faifan. Ganguna suka shigo, gita ta biyo, sannan muryar ta faso ta cikin 'yar wayata, da duk tsagewarta, daidai yadda na ji ta a gindin dutsen nan. Malam Garba ya ajiye reza ya matso.

Pak Darma ya gyara zama ya rufe ido. Ya ja numfashi a inda ya ja a mota. Sai leɓɓansa suka fara bin waƙar, kalma bayan kalma, bai makara ba, bai riga ta ba, har zuwa sunan matarsa.